Masu Bautar Itace A Cikin Littafina

A zaman karatu da reshenmu ya yi kwanakin baya, wani matashi daga cikin sababbin membobi ya karanta mana babi guda na littafin da yake rubutawa. Labarin wata duniya ce da ya ƙirƙira da kansa, mai sarakunanta da yaƙe-yaƙenta, mutanenta kuma suna bauta wa wani dodon daji ta hannun wasu matsafa da ya kira Duruwidawa. Bai kai ƙarshen shafi na uku ba sai ɗaki ya rabu biyu. Wasu suka ce wannan ai koyar da shirka ne, wasu kuma suka ce kwaikwayon Turawa ne kurum, ba shi da tushe a adabinmu. Yaron ya naɗe takardunsa ya koma ya zauna, kansa a sunkuye. Ni kuwa ina layin baya, ban ce uffan ba. Shirun nan ya dame ni ƙwarai, domin idan akwai wanda ya kamata ya yi magana a ɗakin nan, to ni ne. Abin da na kasa faɗa ran nan shi nake son in faɗa yanzu.

A shekarar 2004 aka tura ni koyar da Hausa a wata sakandare ta ƙauye. Babu wuta, babu abokan hira, da an yi sallar isha'i gari ya yi tsit. Sai na sayi littattafan rubutu masu shafi tamanin, na fara rubuta labari a gaban fitilar ƙwai. Na taso ne da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, saboda haka labarin yaƙi da aljanu ba baƙona ba ne. Amma ni so na yi in gina ƙasa tawa ta kaina, wadda babu ita a taswira, in ba ta koguna da duwatsu da kasuwanni. Na raɗa mata suna Sambarga. Da na zo kan addinin mutanenta ban tsaya wani dogon tunani ba, na yi abin da na saba gani. Na ba su gunki mai kai bakwai, na ba su boka mai jajayen idanu da dariyar ƙeta, wanda ba shi da aiki sai shan jinin 'yammata, yana jiran ranar da jarumi zai zo ya sare masa kai.

Wanda ya fara karanta mini shi ne abokin aikina, malamin aikin gona, wanda muke ɗaki ɗaya da shi. Ya yi kwana uku da littafin, sa'an nan ya miƙo mini ya ce, “Malam, yaƙin ya yi daɗi. Amma tambaya ɗaya gare ni. Mutanen nan duk mahaukata ne? Shekara ɗari biyar suna ba wannan mugun 'ya'yansu, me yake ba su?” Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ba ni da ita. Mutanen Sambarga suna da gonaki, amma addininsu bai san damina ba. Suna haihuwa, suna rashin lafiya, suna rigimar iyakar gona, amma gunkinsu ba shi da alaƙa da ko ɗaya daga ciki. Ashe ba addini na ba su ba, mutum-mutumi na kafa domin jarumina ya gwada takobinsa.

Ana nan sai na ci karo da wani tsohon littafin tarihin Turai a ɗakin ajiyar makaranta, gara ta ci bangonsa. A nan na fara jin labarin Duruwidawa, wato malaman addinin Keltawa, mutanen da suka zauna a ƙasar Gol, inda Faransa take a yau, da Biritaniya da Ayilan. Yuliyas Kaisar, wanda ya yaƙi Gol daga shekara ta 58 zuwa ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarinsu. A faɗarsa, su ne alƙalai, su ne malaman matasa, ba sa zuwa yaƙi, ba sa biyan haraji. Ɗalibinsu yakan yi har shekara ashirin yana haddar baitoci, domin sun haramta wa kansu rubuta iliminsu. Babban horon da suke yi wa wanda ya ƙi bin hukuncinsu shi ne su hana shi halartar yanka, daga nan kowa ya ƙaurace masa. Wani marubucin Rumawa kuma, Filini, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya bayyana yadda suke girmama wata babbar itaciya ta ƙasarsu mai suna ok, da kaucin da ke fitowa a kanta. Ran shida ga wata malaminsu yakan sa fararen kaya ya hau itaciyar, ya yanko kaucin da laujen zinariya, a tare shi da farin mayafi, sa'an nan a yanka fararen bijimai biyu.

Abin ya burge ni matuƙa, har na yi kuskure na biyu. Na kwashe su ɗungurungum na zuba a Sambarga, da fararen kayansu da laujen zinariyarsu. Abokina ya sake karantawa ya yi dariya ya ce, “To, yanzu kuma ka auro mana baƙi. Ƙasar da ka ce ana noman gero da maiwa, ina itacen ok ya samu wurin tsira? Ai kauci muna da shi, ga shi can a kan ɗorawar bayan aji, kuma masu magani suna nemansa ido rufe. Me ya kai ka Faransa neman kauci?” Gaskiya ɗaci gare ta. Na ari riga ne, ban ari abin da ya sa aka ɗinka ta ba.

Wanda ya buɗe mini ido ba ɗan boko ba ne. Wani dattijo ne, ladanin masallacin unguwar da nake haya. A bayan ƙauyen akwai wani kurmi a bakin rafi, mai manyan tsamiyoyi da kanya da gawo. A shekarata ta uku a garin masu gawayi suka shiga shi, kafin damina biyu ya zama fili fetal. Wata ranar Asabar na tarar da dattijon a zaune kan kututturen wata tsamiya, ya yi tagumi. Na gaishe shi na ce, “Baba, lafiya?” Ya ce, “Zauna, ɗana.” Ya gaya mini cewa kakansa Bamaguje ne, kuma a zamaninsa babu mai shiga kurmin nan da gatari. Ko busasshen reshe ba a ɗauka sai an nemi izinin mai kula da wurin, domin an ce iskoki na zaune a cikin tsamiyoyin. Ba a kamun kifi a rafin sai ranar da aka buɗe, ba a farauta lokacin da namun daji ke da ciki. Ya ce, “Alhamdu lillahi da Allah Ya fid da mu daga wancan duhu, ba na fatan jikana ya durƙusa wa itace. Amma ka ga, mun yar da tsoron iskoki, ba mu ɗauki tsoron Allah a kan itace ba. Da can rafin nan yakan kai bazara da ruwa. Je ka duba shi yanzu.”

Daren nan ban yi barci ba. Sai a lokacin na gane amsar tambayar abokina. Mutane ba sa ƙirƙirar abin bauta don nishaɗi. Daga abin da suke tsoro da abin da cikinsu ya dogara a kai suke sassaƙa shi. Mutumin da ke zaune cikin dazuzzukan Gol itaciyar ok zai girmama, wanda kuma rayuwarsa ke rataye a kan ruwan wata huɗu, idonsa na kan hadari da rafi. Haka nan mai kula da tsafin ba don jajayen idanu ake binsa ba. Ana binsa ne domin shi ya san ranar shuka, shi ke raba rigima, shi ya san saiwar da ke sauke zazzaɓi, shi ke cewa kada a taɓa kaza. Ɓatansa na gaske ne, amma amfanin da mutane ke gani a wurinsa shi ma na gaske ne, kuma da wannan amfanin ɓatan ke samun wurin zama.

Na koma na rushe addinin Sambarga na sake gini. Na ba su ababen bauta uku. Akwai Uwar Rafi, wadda mata ke kai wa nonon farko na saniya. Akwai Baƙar Iska, wadda ke zuwa da ƙura da ciwon sanƙarau, ba a sonta, lallashinta kawai ake yi. Sa'an nan akwai Tsohon Gawo. Kowane manomi ya san halin gawo: idan damina ta faɗi, sauran itatuwa suna ado, shi sai ya kaɗe ganyensa, da rani kuma, lokacin da duniya ta bushe, sai ya yi kore shar. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da babu ciyawa. Na tambayi kaina, mutanen da manzo bai je musu ba, idan suka ga itacen da ke saɓa wa dukkan itatuwa, kuma hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kyau, me za su ce? Mutanen Sambarga suka ce shi ne mai riƙe da rai idan komai ya mutu. Masu kula da shi na kira su Masu Jiran Kurmi. Ba sa cin nama da damina, ba sa riƙe ƙarfe, kuma yaro yakan shekara goma sha biyu yana haddar sunayen itatuwa da taurari kafin a bar shi ya yi magana a gaban jama'a.

A shekarar 2008 na kammala, littattafan rubutu tara cif. Na kai wa yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, mutum mai karatu da tsantseni, ina jiran yabo. Bayan mako guda ya kira ni zaure. Ya buɗe babin da wata uwa ta durƙusa a bakin rafi tana roƙon Uwar Rafi ta bar mata ɗanta mai ciwo. Ya ce, “Na karanta wannan har na ji hawaye. To, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Da ka rubuta shi da muni da ban damu ba. Kai malamin makaranta ne, yara ɗari nawa ke kallon bakinka? Idan ɗaya daga cikinsu ya ji shirka ta yi masa zaƙi ta dalilin alƙalaminka, me za ka gaya wa Allah?” Na ce, “Yaya, ai labari ne.” Ya ce, “Da labari ake shiga zuciya.” Ban iya musa masa ba, kuma har yau ban ce ya yi kuskure ba. Na ɗaure littattafan da tsumma na jefa su ƙasan adaka. Shekara goma sha ɗaya suka yi a can. A tsawon wannan lokaci ban rubuta ko gajeren labari ba, domin duk sanda na ɗauki biro sai in ji muryarsa.

A 2019, ina shirya darasi a kan tarihin Kano, na sake karanta labarin Barbushe kamar yadda ya zo a tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Ga Tsumburbura, ga itaciyar da aka kewaye da katanga, babu mai shiga sai Barbushe. Ga shi yana saukowa daga Dala sau biyu kacal a shekara, jama'a na kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Ga kurmin Jakara mai baƙin ruwa. Kundin ya ci gaba har zuwa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, lokacin da aka sare itaciyar tsafi aka gina hasumiya a wurin. Sai na tsaya na ce, wanda ya rubuta wannan fa malami ne Musulmi, da Larabci ya rubuta, kuma bai ɓoye komai ba. Na lura da wani abu kuma. Duruwidawa ba su bar rubutu ba, labarinsu daga bakin Rumawa da Girkawa ya zo mana, har da zancen ƙona mutane a matsayin hadaya, kuma Rumawan nan su ne suka sare kurmominsu a tsibirin Angilsi wajen shekara ta 60 Miladiyya. Barbushe ma daga bakin waɗanda suka gaje ƙasarsa muka ji shi. Abin da uwa take ji a ranta lokacin da ta kawo baƙar kazarta, babu wanda ya rubuta. Wannan gurbin sai mai ƙagaggen labari.

Na ɗauki littattafaina na tafi wurin malamin da na yi karatun Risala a gabansa. Na zayyana masa komai. Ya ce, “Malamai sun ce mai ba da labarin kafirci ba kafiri ba ne. Alƙur'ani ya ambaci Lata da Uzza da Manata da sunayensu, ya ambaci gumakan mutanen Annabi Nuhu. Ibnul Kalbi ya yi littafi sukutum a kan gumakan Larabawa. Uzza ɗin nan ma ai itatuwa ne a Nakhla, Khalid bin Walid ya sare su a shekara ta 8 bayan Hijira.” Na ce, “Allah gafarta Malam, su sun ba da labarin abin da ya faru ne. Ni kuwa ni na ƙirƙiro nawa da hannuna.” Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, “Wanda ya sa ɓarawo a cikin labarinsa bai yi sata ba. Amma wanda ya koya wa mai karatu yadda ake ɓalle kwaɗo, yana da kaso a cikin satar. Kada ka rubuta surkullen da wani zai iya ɗauka ya karanta. Kada ka ɗauko kirarin bori na gaske ka sa a bakinsu. Kuma kada ka sa gunkin ya amsa.”

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya gyara littafin, ba ta fuskar addini kaɗai ba, har ta fuskar fasaha. Marubutan Turai sun bi hanyoyi dabam-dabam a kan wannan. A wasan nan na Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, wanda wasannin kwamfuta da yawa suka samo tushe daga gare shi, ababen bautar daji irin su Silvanus da Mielikki suna nan da ransu, suna ba Duruwidawansu ikon rikiɗa su zama dabbobi. Su ma aro aka yi, na farko daga Rumawa, ta biyu daga mutanen Finlan. Tolkien kuwa, mai littafin The Lord of the Rings da aka buga a 1954 da 1955, Kirista ne mai riƙo da addininsa, sai ya sa mahalicci ɗaya a duniyarsa, mai kula da tsirrai da mai kula da teku duk halittunsa ne masu yi masa hidima. Ni na ɗauki hanya ta uku. A Sambarga babu inda Uwar Rafi ta bayyana, babu inda Tsohon Gawo ya yi magana. Mutane ne ke magana da sunansu. Ruwa yakan zo, yakan kuma ƙi zuwa.

Da na yi haka sai labarin gaske ya fito. Shugaban Masu Jiran Kurmi tsoho ne da ya san cewa ba gawo ke gaya masa ranar ruwa ba, daga tafiyar tururuwa da juyawar iska da dawowar shamuwa yake ganewa. Aka shekara uku ana fari. Jama'a suka taru suka ce Tsohon Gawo ya yi fushi, a ba shi mutum. Idan tsohon ya yarda, yarinya za ta mutu a banza. Idan ya faɗi gaskiya cewa itace itace ne, to gobe gatari zai shiga kurmi, rafin da ya rage musu ya ƙafe. Jarumina mai takobi ya koma gefe, wannan tsoho ya zama zuciyar littafin. Babin uwar nan kuwa na bar shi yadda yake, sai dai yanzu mai karatu yana kuka ne don ya san rafin ba ya ji. Na mayar wa yayana ya sake karantawa. Ya ce har yanzu da shi ne da bai rubuta ba, amma ba zai hana ni ba. Na karɓi wannan da godiya.

To, ƙanena mai Duruwidawa, ga abin da ya kamata in tashi in gaya maka ran nan. Kada ka yaga littafinka, kada kuma ka raina waɗanda suka tsorata, domin tsoronsu yana da tushe. Koma ka tambayi mutanen duniyarka me suke ci, me ke kashe 'ya'yansu, wane wata ne ruwansu ke yankewa. Daga nan addininsu zai tsiro da kansa, ba sai ka auro na cikin kwamfuta ba. Idan ƙasarka mai ƙanƙara ce, to ka san ƙanƙara kamar yadda manomi ya san gawo. Ka ba matsafinka aikin yi da abin da yake tsoro. Sa'an nan ka san inda kai kanka ka tsaya, ka kai aikinka gaban malamin da ka amince da iliminsa kafin ka kai shi maɗaba'a. Mu kuma manya, idan yaro ya kawo irin wannan, mu bari ya kai ƙarshen babi kafin mu yanke hukunci. Ni da bakin mutum ɗaya na yi asarar shekara goma sha ɗaya, shi kuwa ɗaki guda ya taso masa.

Dattijon nan ladan ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Bara na koma ƙauyen gaisuwa, na bi ta inda kurmin yake. Ɗalibai sun dasa darbejiya guda goma sha biyu a bakin rafin, an kewaye su da ƙaya saboda awaki. Malaminsu ya ce mini ya karanta musu hadisin da ke nuna cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Bakwai sun kama. Littafina kuwa yana hannun mai buga na'ura, mun kai babi na goma sha huɗu. Idan Allah Ya kai mu zama na gaba zan zo da babin farin nan in karanta, bisa sharaɗin ƙanena ya fara ƙarasa nasa.

Allah Ya yi mana jagora, Ya tsare alƙalumanmu daga abin da za mu yi nadama a kansa. Wassalam.